Kafin a yi mata fomatin: abin da ke hana kwamfuta magana daga Mahuta zuwa Funtuwa

Da kaka ta yi a kudancin Katsina, kuɗi kan shigo hannun mutane a lokaci guda. An kwashe masara, an cire waken suya, auduga ta fara isa Funtuwa da Malumfashi, sai bukukuwa su biyo baya a jere: ɗaurin aure, saukar Alƙur'ani, walima, taron makarantun Islamiyya. A wannan tsakanin ne matasa da yawa a Mahuta da Kafur da Bakori ke cika burin da suka ƙulla tun damina, wato sayen kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu. Wani rumfar tura fina-finai da waƙoƙi a waya zai buɗe, wani kiɗan biki zai riƙa yi, wani ɗalibi ne a Zariya ko Dutsin-ma, wani kuma malamin unguwa ne ya ɗora masa aikin naɗar karatu. Duk cikinsu babu wanda sana'arsa za ta tafi in kwamfutar ba ta fitar da sauti. Kuma daidai lokacin da hunturu ya kunno kai da ƙurarsa ne ake yawan kai wa masu gyara koken nan: Oga, ta daina magana.

Amsar da aka fi saurin bayarwa guda ce, a yi mata fomatin. A goge komai, a ɗora sabon Windows. Mai kwamfuta ya biya kuɗi, ya bar ta kwana ɗaya ko biyu, ya dawo ya tarar hotunan bikin ƙanwarsa sun tafi, takardun makaranta sun tafi, fina-finan da ya kwashe watanni yana tarawa sun tafi, wani lokaci ma sautin bai dawo ba. Abin da ya fi ciwo, sau da yawa fomatin ɗin ne da kansa ke kashe sautin da a da lafiyarsa ƙalau. Na daɗe ina ganin wannan ɗabi'a tana cin dukiyar talakawa a banza, kuma ban ɗora ta a kan mugunta ba. Yaron shago abin da ya ga ubangidansa na yi shi yake yi, ubangidan kuma haka ya taras ana yi.

A ofishin da aikinsa buga takardu ne, kwamfuta na iya shekara ba sauti ba wanda ya lura. A ƙasarmu lamarin ya sha bamban, domin ilimi da labari ta kunne suka fi shiga. Manomin da ke rataye rediyo a reshen bishiya yana noma, shi ne dai ke aika saƙon murya a WhatsApp maimakon rubutu, shi ne kuma zai tsaya a rumfar mai turi ya ce sai an kunna masa ya ji ko fim ɗin Indiyan nan fassarar Hausa ce kafin ya biya. Tafsirin azumi da aka naɗa a masallaci sai an saurare shi an yanke kafin a raba wa jama'a. Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, ɗalibi makaho. Shi da manhajar da ke karanta masa allo yake aiki, irin su NVDA da JAWS. Ranar da sauti ya ɗauke masa, kwamfutar gaba ɗaya ce ta ɗauke, ko hanyar da zai bi ya duba matsalar ba ya da ita sai ya nemi mai ido.

Sauti kafin ya iso kunne tafiya yake yi. Yana farawa daga fayil, ya shiga manhajar da ke kunna shi, ya wuce ta Windows, ya bi ta direba, ya isa wani ɗan guntu da ke manne a babban allon cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira bod, daga nan ya fita ta sifika ko ta ramin iyafis, in biki ake yi ya bi waya zuwa miksa da amfilifaya. Ko'ina a wannan hanya yana iya tsayawa. Fomatin kuwa zango uku kawai yake iya gyarawa, manhaja da Windows da direba. Mai gyaran da ya san aikinsa daga bakin ƙofa yake farawa, daga abin da hannu ke iya taɓawa, sannan ya riƙa shiga ciki.

Irin wannan mai gyara za ka gan shi da iyafis guda a aljihun gaba, wanda ya tabbatar yana aiki. Da an ajiye masa kwamfuta, kafin ya tambayi komai, zai soka shi ya kunna wani abu. In sauti ya fito a kunne amma sifika ta yi shiru, mafi yawan lokaci Windows da direba lafiyarsu lau, matsalar tana sifika ko siririyar wayarta. In kuma an zare iyafis amma kwamfuta ta ci gaba da nuna alamar yana ciki, to ramin ne. A cikin ramin nan akwai ɗan ƙarfe siriri da ke motsawa idan fulogi ya shiga, motsinsa ne ke shaida wa kwamfuta ta rufe sifikunta ta mai da sauti kunne. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayin sussuka, zaren audugar da ke taruwa a gindin jaka, duk suna iya cushewa su danne ƙarfen. Wani lokaci kan fulogin ne ya karye ya maƙale a ciki. Sai ka ga mai gyara ya kashe kwamfutar, ya haska ramin da fitilar waya, ya sa tsinken sakace busasshe a hankali ya zaƙulo wani dunƙulen datti kamar ƙwayar gero. Ya kunna, sauti ya tashi. Allura ba ta shiga wannan rami, haka ruwa, haka fetur, domin ƙarfen da ake son kuɓutarwa su za su lalata.

Akwai wata alama da ke ruɗa mutane ƙwarai: kiɗa na tashi amma muryar mawaƙi ta yi nisa kamar daga cikin rijiya, ko ta ɓace ɗungurungum. Nan da nan sai a ce fayil ɗin ne ya lalace, ko bairos ya shiga. Mafi yawan lokaci fulogin ne bai shige har ƙarshe ba, ko kuma bai dace da ramin ba. A duba baƙaƙen zobban da ke jikinsa. Mai zobe biyu na sauraro ne kawai, mai zobe uku irin na waya yana ɗauke da makirfo, kuma tsofaffin kwamfutoci masu rami biyu, ɗaya na kunne ɗaya na makirfo, ba kullum suke jituwa da shi ba. A kwamfutar tebur kuwa launi ne jagora: kore na sifika, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigo da sauti daga wata na'ura. Yaro ya share shago ya mayar da waya a shuɗi, shi ke nan an wayi gari ana neman mai gyara.

In hannu ya gama dubawa, sai ido ya koma kan allo. A nan abin da ya fi kama mutane shi ne wayar HDMI, wadda ke ɗaukar hoto da sauti tare. Mai gidan kallo ya haɗa kwamfuta da talabijin, ko malamin makaranta ya haɗa ta da majigi, sai Windows ya tattara sautin ya tura can. Majigi da yawa ba su da sifika, masu ita kuma ba ta kai a ji ta a bayan aji ba. Sautin yana fita, inda ba kunne yake zuwa. Danna alamar sifika da ke kusa da agogo a ƙasan allo, a zaɓi sifikun kwamfutar daga jerin, aikin daƙiƙa goma ne. Bluetooth ma haka yake yi: kwamfuta ta taɓa haɗuwa da sifikar maƙwabci, ranar da ya kunna tasa sai ta koma can ba sallama. Sai maɓallin kashe sauti da ke saman madannai, wanda gwiwar hannu ke dannawa ba a sani ba. Sai Volume Mixer, inda kowace manhaja ke da nata ma'aunin, ta yadda VLC, manhajar kunna fim, zai iya zama a rufe alhali sauran na magana. In fim ɗaya ne ya ƙi magana, a gwada wani, domin akwai fina-finan da aka naɗe sautinsu da tsarin da manhajar ba ta iya buɗewa.

Wani abu ƙarami da ya kamata kowa ya sani: tun daga Windows 8, kashe kwamfuta da Shut down ba ya sauke direbobi gaba ɗaya, ajiye su yake yi yadda suke domin ta yi saurin tashi. Restart ne ke tayar da su daga tushe. Mutum zai ce ya kashe ya kunna har ya gaji ba canji, alhali direban da ya sarƙe ake ta dawo masa da shi a sarƙe.

Sai an wuce duk wannan ake zuwa kan direba. Direba wata ƙaramar manhaja ce da ke aikin tafinta tsakanin Windows da guntun sauti. Windows na da harshensa, guntun na da nasa, in tafinta ba ya nan ko an kawo wanda bai iya harshen ba, kowa zai yi ta magana ba mai fahimtar wani. Alamarsa jan kuros a kan hoton sifika, ko saƙon da ke cewa ba a sami na'urar fitar da sauti ba, ko kuma alwatika mai ruwan ɗorawa a cikin Device Manager.

Guntun sauti ba tun asali yake cikin kwamfuta ba. Kwamfutar IBM ta 1981 ɗan ƙyit-ƙyit kawai ta iya. Mai son kiɗa sai ya sayi katin sauti daban ya soka, kuma wanda ya fi shahara shi ne Sound Blaster na kamfanin Creative da ke Singafo, wanda ya fito a 1989. Daga baya Intel ya fito da tsarin AC'97 a 1997, aka riƙa manna guntun a jikin bod, sannan a 2004 ya maye gurbinsa da High Definition Audio, wanda kusan duk kwamfutocin da ke yawo a kasuwanninmu ke kansa. Wanda ya taɓa buɗe cikin kwamfuta zai iya ganin guntun, ɗan baƙi murabba'i kusa da ramin iyafis, sau da yawa da hoton ƙaguwa a bayansa. Tambarin Realtek ke nan, kamfanin Taiwan da ya mamaye wannan fanni.

To amma kayan da ke zuwa mana tsofaffi ne. HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad da ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, su ake saukewa a Ikeja, su hau mota zuwa titin Beirut a Kano, daga nan su iso Funtuwa da Malumfashi. Da yawansu guntun IDT ko Conexant ne a ciki. IDT ya sayar da sashensa na sauti tun 2013, Conexant kuma Synaptics ya saye shi a 2017. An ƙera kwamfutocin domin Windows 7, wanda Microsoft ya daina kula da shi ranar 14 ga Janairun 2020, aka ɗora musu Windows 10, shi ma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, yanzu kuma ana tura musu Windows 11 da ƙarfin tsiya duk da ba su cika sharuɗɗansa ba. Kowane tsalle ana barin direban asali a baya, kuma babu wanda ke zaune yana rubuta sabo domin injin da ya haura shekara goma. Wannan ne ya sa nake cewa fomatin caca ce. Kwamfutar da ta zo da direbanta na asali yana aiki, in aka goge shi ba tare da an ajiye kwafi ba, an zubar da abin da samo shi zai yi wuya.

Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana haka a aikace. A Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari, wanda shi ma ɗan ƙaramar hukumar Kafur ne, ta sa aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga, cikinsu har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Dandume. Watanni aka yi ba kira ba intanet. Windows 10 ya saba da an ɗora shi ya leƙa intanet ya kwaso direbobin da suka rage da kansa, har masu gyara da yawa suka manta cewa aiki ne da ake yi da hannu. Da layi ya ɗauke, wanda ya tara direbobi a filashi ko hadis shi ne mai sana'a, saura sai su yi tafiya neman inda sabis yake. Ko yanzu da layi ya dawo, wanda ke ƙauyen da sabis sai an hau tudu, ga tsadar data, bai kamata ya dogara da cewa intanet za ta kawo masa ba.

Ajiye kwafin kuwa ba wuya. A Windows 10 da 11 akwai umarnin pnputil /export-driver, wanda ke kwashe duk direbobin da aka ɗora wa kwamfuta ya zuba su a filashi cikin 'yan mintuna. Duk mai gyaran da zai yi fomatin, wannan ne hakkin farko da mai kaya ke da shi a kansa, tare da kwashe masa hotuna da takardu.

In kuma an riga an goge, kada a yi ta ɗora direbobi barkatai ana gwadawa. Guntun da kansa yana faɗin sunansa. A Device Manager, a buɗe na'urar da ke da alamar, a shiga Details, a zaɓi Hardware Ids. Za a ga VEN da haruffa da lambobi huɗu a gabansa: 10EC Realtek ne, 14F1 Conexant, 111D kuma IDT. Da wannan da lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashin kwamfutar, sai a nufi shafin HP ko Dell ko Lenovo, a lura ko Windows ɗin mai 32 ne ko mai 64. In ba a samu na sabon Windows ba, na Windows 7 ko 8 sau da yawa yana karɓa. In duk ya faskara, Windows na da nasa direban na gama-gari mai suna High Definition Audio Device, wanda ake iya zaɓa da hannu. Ba zai ba da duk ƙawar da na asali ke bayarwa ba, amma zai yi magana.

Sabunta direba ma ba kullum alheri ba ne. A Oktoban 2018 Microsoft ya tura wani direban sauti na Intel ta hanyar Windows Update zuwa kwamfutocin da ba nasu ba ne, mutane a ƙasashe da dama suka wayi gari ba sauti, sai da kamfanin ya amsa kuskuren ya fitar da gyara. Saboda irin wannan aka tanadi maɓallin Roll Back Driver, mai mayar da na jiya. Tambayar da ta fi kowace amfani a teburin gyara ita ce: Malam, me aka yi mata kafin ta yi shiru? An sabunta wani abu, an haɗa ta da talabijin, ta faɗi, ruwa ya zuba, yaro ya taɓa? Rabin aikin yana cikin amsar.

Ina kuma jan kunne a kan shafukan da ke alƙawarin gyara duk direbobi da dannawa ɗaya. Direba a can cikin zuciyar Windows yake zama, abin da ya ga dama yana iya yi. A watan Mayun 2017 wani kamfanin tsaron kwamfuta na Suwizalan mai suna modzero ya gano cewa manhajar sautin Conexant da ke cikin wasu kwamfutocin HP tana rubuta duk abin da mutum ya danna a madannai tana ajiyewa a wani fayil, har da lambobin sirri. HP ya ce ragowar aikin gwaji ne da aka manta ba a cire ba, ya kuma fitar da gyara. In abin da ya fito daga hannun masu kayan zai iya zuwa da haka, ina ga wanda aka kwaso daga shafin da ba a san mai shi ba, aka ɗora a kwamfutar da ake shiga asusun banki da ita, ko ake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa?

Masu kiɗan biki da masu kula da lasifikar masallaci tasu matsalar daban ce. Su sauti na fita, amma da wani gurnani a ƙarƙashinsa, wanda ke ƙaruwa in an ƙara murya. Wannan ba ruwan direba. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan juyin ne kunne ke ji idan ya sami hanyar shiga wayar sauti. Gwajinsa sauƙi gare shi: a zare cajar kwamfuta a bar ta kan batir. In gurnanin ya ɗauke, daga wuta yake, ko cajar ce ta jabu, ko kwamfuta da amfilifaya suna shan wuta daga soket daban-daban, ko inbatar sola ce mai arha da wutarta ba ta da santsi. A haɗa su a soket ɗaya, a raba wayar sauti da wayar janareta kada su kwanta tare, a nemi caja ta ƙwarai. Akwai kuma ɗan akwatin da ake sawa tsakanin kwamfuta da miksa domin yanke wannan gurnani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne karya ƙafa ta uku ta fulogi, wadda wasu ke yi saboda yana kashe ƙarar. Wannan ƙafar ita ce ke kai wuta ƙasa idan na'ura ta yi yoyo. In babu ita, jikin wanda ya riƙe makirfo ne hanya, kuma a filin biki yara ne ke rububin riƙe shi.

A wurin biki ne kuma guntun sauti ya fi mutuwa da gaske. Ana soka waya ana zarewa amfilifaya na kunne a ƙure. Ana kuskuren haɗa kwamfuta da inda amfilifaya ke fitar da ƙarfinta zuwa manyan sifiku. Ana barin maɓallin 48V na miksa a danne, wutar da aka tanada domin wasu makirfo, ta bi waya ta koma cikin kwamfuta. Su kuma ƙananan sifikun cikinta, masu turi ne ke gajiyar da su, ana ƙure VLC sama da 100 daga safe har dare domin a rinjayi hayaniyar kasuwa, har takardar sifikar ta yage ta koma kaɗawa kamar gwangwani.

Kafin a yanke hukuncin cewa guntu ya ƙone, saura gwaji biyu. A shiga BIOS, saitin da ke tashi kafin Windows, a tabbatar ba a rufe sautin daga can ba, domin wasu ofisoshin da suka yi amfani da kwamfutocin nan a ƙasashensu sukan rufe shi, kuma fomatin ɗari ba zai buɗe ba. Sannan a tayar da kwamfutar da Ubuntu, wani tsarin da ba Windows ba, daga filashi, ba tare da an ɗora shi ko an goge komai ba. In ta yi magana a can, guntun na da rai, a koma neman direba. In ta yi shiru a can ma, ta sifika da ta iyafis, to mai yiwuwa ya tafi.

Ko a nan ba a kai ga canza bod ba, balle sayar da kwamfutar a matsayin gawa. Akwai katin sauti na USB, ɗan abu kamar filashi mai rami biyu, kore da ruwan hoda, ana samunsa a shagunan kayan waya da kwamfuta, kuma kuɗinsa bai kai na motar zuwa Kano da dawowa ba. Guntun sauti ne cikakke a cikinsa, direbansa kuma yana cikin Windows tun asali, ba a buƙatar intanet. Ana soka shi sai a zaɓe shi a jerin da ke kusa da agogo. Mai kiɗan biki ma gara ya riƙa aiki da shi tun kwamfutarsa na lafiya, domin ranar da wuta ta dawo ta waya, shi za ta fara samu kafin ta kai ga bod.